Kafaɗar Hagu ta Maman Francis

Duk wanda ya taɓa sayen doya a kasuwar Kafanchan ya san Maman Francis, ko da bai san sunanta ba. Ita ce matar da ba ta ɗora kaya a ka. Sauran mata kan shigo da daro a bisa kai, hannu biyu a sake suna gaisawa da jama'a. Ita kuwa daga nesa za ka hango ta da babbar ƙwarya a kafaɗar hagu, wuya ya ɗan karkata dama, hannun hagu a sama ya riƙe bakin ƙwaryar. Sunanta na yanka Afiniki. Matar yayan babana ce, marigayi Baba Ezekiyel, kuma a ɗakinta na ci yawancin tuwon accan da na ci a ƙuruciya.

A wani ƙauye kusa da Jere aka haife ta, cikin ƙabilar Gbagyi, inda mace ke ɗaukar itace da ruwa da doya a kafaɗa tun tana ƙarama. Na taɓa tambayarta dalili, ina 'yar firamare. Ta dube ni kamar na tambaye ta me ya sa ruwa ke jiƙa mutum.

"Kai aikinsa tunani," in ji ta. "Shi ke jan duk jiki tun safe har dare. Sai kuma in ƙara masa doya?"

Tana budurwa tana sayar da doya a bakin babbar hanyar Kaduna zuwa Abuja. Baba Ezekiyel kafinta ne daga Kagoma, an kai shi Jere ya yi rufin wata majami'a. Kullum da yamma sai ya zo ya sayi doya guda ɗaya. Sai da aka kwashe sati uku ta gano ba shi da tukunya, ba shi da murhu, a gidan fasto yake cin abinci, doyar kuma tana jibge a bayan majami'a har ta fara tsiro. Ta ce ranar ce ta yanke shawara, don mutumin da ke ɓarnar doya haka yana bukatar mai kula da shi.

Da aka kawo ta Kagoma, uwar mijinta ta yi ƙoƙarin gyara ta. Ta naɗa mata gammo da hannunta, ta ɗora mata tulu, suka jera zuwa rafi. Tulun bai dawo gida ba. Daga ranar aka ƙyale ta. Bayan shekara biyu suka koma Kafanchan, ta sami rumfa a layin masu doya, ta haifi 'ya'ya biyar, ta binne miji, duka da kafaɗar nan guda. Fatar wurin ta yi kauri kamar tafin ƙafa. In an taɓa, dariya take yi, ta ce nan ne ofishinta.

Ni na dawo gida a watan Agusta bayan shekara bakwai ina karatun aikin ruwa a wata ƙasa mai sanyi. Lokacin sabuwar doya ne. Sati biyu da dawowata, motar da ta ɗauko mata kaya daga Kagoma ta kafe a laka, can ƙasan gada, nesa kaɗan da kasuwa. Hadari ya haɗo, masu baro duk sun tafi tasha, Mama kuwa ba ta iya zama ta kalli doyarta tana jiƙewa ba. Tana da shekara sittin da ɗaya, ta yi sawu ashirin da wani abu tsakanin gada da rumfa, ƙwarya a kafaɗa, hannu a sama, har doya ta ƙarshe ta shiga inuwa.

Washegari ta ce hannun ya yi mata nauyi. Kwana na biyu ya ƙi shiga hannun riga. Ya kumbura tun daga yatsu har kafaɗa, ya yi wani duhu-duhu, wasu ƙananan jijiyoyi kuma suka fito a saman ƙirjinta kamar saiwar ciyawa.

A unguwarmu ba a yin ciwo a ɓoye. Ranar Talata, da aka tashi daga koyon waƙa, 'yan Zumuntar Mata suka cika falo da zannuwansu iri ɗaya. Suka yi addu'a, suka yi waƙa biyu, sannan suka ba Mama Hulda wuri. Mama Hulda matar wani tsohon mai bishara ce, gajeriya, mai hannu kamar na maƙeri. Rabin matan ikilisiyarmu ita ta yi musu gashi bayan haihuwa, kuma duk yaron da ya gurɗe a ƙwallo wurinta ake kai shi. Ta tsoma tawul a ruwan zafi, ta matse, ta lulluɓe hannun, tana latsawa a hankali.

"Jini ne ya kwanta," ta ce. "Yau gashi kawai, ya yi laushi. Gobe da yamma zan zo da man kaɗe in kora shi sama. Daga yatsu har kafaɗa, ya koma cikin jiki ya watse. Za ki yi kuka, Maman Francis, amma za ki gode mini."

Maganar korawa sama ce ta tsaya mini. A shekarata ta biyu a makaranta, ƙafar wata abokiyar ɗakina ta kumbura bayan doguwar tafiya a jirgin sama. Na raka ta asibiti, kuma tambayar farko da likita ya yi ita ce ko wani ya murza ƙafar. Ya ce in jini ya daskare a cikin jijiya, murzawa na iya ɓalle gudan, ya bi hanya ya je ya toshe huhu, mutum ya faɗi yana tsaye. Ban san ko haka na faruwa a hannu ba. Amma Mama ba ta faɗi ba, ba ta buge ba, hannun kuma ya sake launi. Na faɗi abin da na sani, da ladabi iyakar iyawata.

Mama Hulda ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa. "Tamar, ba famfo aka ce kin karanto ba?"

Falo ya kwashe da dariya. Na ce i, Mama, famfo ne, amma ko a famfo in abu ya toshe ba a tura shi ciki sai an san inda zai je.

"Ji ta! Ke da na yi wa uwarki gashi ranar da aka haife ki."

Maman Francis ce ta raba gardamar, kuma ba don ta yarda da ni ba. Ta ce ai likita zai iya ba da man shafawa mai ƙarfi, sai a haɗa da na Mama Hulda, aiki ya yi sauri. Mama Hulda ta ce to, za ta bi mu, daga asibitin sai a wuce gida a yi abin da ya kamata. Da safe ta iso da fulas ɗin ruwan zafi a hammata da gwangwanin man kaɗe a jaka. Mu uku muka matsu a bayan keke-napep.

Likitan matashi ne, mai magana a hankali. Ya auna hannu biyun da tef irin na tela, ya duba jijiyoyin ƙirjin, ya tambaya ko numfashi na yi mata wuya, ko tana tari, ko ƙirji na ciwo. Duk ta ce a'a. Sai ya tambaya ko an yi wa hannun tausa.

"Gashi kawai," in ji Mama Hulda. "Babban aikin na yamma ne."

"Mama, don Allah a dakata mini da babban aikin tukuna," ya ce, yana rubuta takarda. "A je a yi sikanin."

Ɗakin sikanin na ƙarshen baranda, kuma a garinmu kowa ya san masu zama a bencin ƙofarsa. Mata takwas muka tarar, kowacce da cikinta a gaba da katin awo a hannu. Maman Francis ta tsaya cak.

"Tamar, kin karanta takardar da kyau?"

Na ce nan ne. Ta zauna a ƙarshen benci, ta ja zani ta rufe gwiwa, ta kafa wa bango ido. Wata yarinya mai ciki, 'yar mai sayar da manja a layin da ke bayan nata, ta gane ta.

"Lah, Maman Francis! Sannu da zuwa. Wata nawa?"

"Wata nawa a gidanku. Hannu na kawo."

"A hannu ya zauna? Ikon Allah. To Ubangiji ya sauke ki lafiya."

Har Mama Hulda sai da ta yi dariya. Maman Francis ta ce za ta gaya wa uwar yarinyar, yarinyar ta ce uwar ce ma za ta fara kawo kayan barka.

Mai aikin sikanin wata mata ce mai suna Kubra, doguwa, da farin hijabi da tabarau. Kowa Sista yake ce mata. Ta ce shekararta goma sha ɗaya a ɗakin, kuma a cikin ɗari da ƙyar ake kawo mata hannu ɗaya, saura duk jarirai ne. Ta bar mu muka shiga mu biyu bisa sharaɗin za mu yi shiru. Ta kwantar da Mama a gado, ta sa ta juya fuska gefe, ta matso wani abu mai yauƙi mai sanyi a wuyanta.

"Wannan ai man shafawa ne," in ji Mama Hulda, wadda ta manta da sharaɗi tun daga ƙofa.

"Jel ne, Mama. Shi ke sa na'urar ta ji abin da ke ciki."

Da hannun dama, mai lafiya, ta fara, don mu ga yadda lafiyayye yake. Ta ɗora kan na'urar, ɗan abu kamar sabulun wanka mai igiya, a damtsen Mama. A allo sai ga toka-toka, da baƙaƙen ramuka biyu kusa da juna. Ta nuna da yatsa. Ɗaya yana bugawa, shi ke kai jini zuwa yatsu. Ɗayan shi ke mayar da jini zuciya, kuma shi muka zo dubawa. Ta danna kaɗan, ramin na biyu ya rufe ruf kamar baki. Ta saki, ya buɗe.

"Kun gani? In ba komai a ciki sai jini mai gudu, da na danna sai ta lafe."

"To ai ke ma tausa kike yi!" Mama Hulda ta juyo gare ni. "Tamar, kin kawo mu wurin mai tausa da lantarki."

Sista Kubra ta yi murmushi ba ta ɗago ba. "Ni tambaya nake yi, Mama. In danna, in ji amsa, in wuce."

Ta koma hagu. A wuya jijiyar ta rufe. A gwiwar hannu ta rufe. A tsakiyar damtse ma ta rufe, har Mama Hulda ta fara gyara jakarta. Sai Sista ta ɗaga hannun a hankali ta kai na'urar hammata. Ramin da ya fito a nan ya fi na dama girma, kuma ba baƙi ba ne. Cikinsa ya yi fari-fari kamar kunun da ya kwana. Ta danna sau ɗaya, a hankali ƙwarai. Bai motsa ba. Ba ta sake dannawa ba.

Daga nan ta hau zuwa ƙarƙashin ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa. Ta ce a wurin ƙashi ya tare, ba a iya dannawa, sai dai a duba da launi a kuma saurara. Ta taɓa wani maɓalli, ta mayar da na'urar ɓangaren dama. Shuɗi ya cika jijiyar, wata ƙara ta fito kamar iska a cikin gonar dawa, tana tashi tana sauka.

"Mama, ja numfashi ta hanci da sauri, kamar kin ji ƙanshin miya a gidan maƙwabta."

Mama ta ja, ƙarar ta zabura. A hagu kuwa shuɗin ɗan siriri ne a gefe ɗaya, ƙarar kuma ƙasa-ƙasa, ba tashi ba sauka. Mama ta ja numfashi har sau uku, ba abin da ya canza.

Sista ta goge jel ɗin da tawul, ta ce mu jira, likita ne zai yi bayani. Ya zo da kansa ya duba hotunan. Ya ce jini ya daskare a babbar jijiyar da ke mayar da jinin hannun, tun daga hammata har ƙarƙashin ƙashin nan, tsawonsa ya kai yatsa. Ya ce sa'a an zo da wuri. Za a fara da allura a fatar ciki na 'yan kwanaki, sannan ƙwayar tsinka jini ta aƙalla wata uku. Hannu a kan matashi in za ta kwanta. Ba tsaga, don jini ba zai tsaya da wuri ba. In ƙirji ya yi ciwo ko numfashi ya yi wuya, a taho nan take ko ana tsakiyar sujada. Tausa kuwa, ko ta wasa.

Mama Hulda ta zauna a kujerar da ke gefe. Ta ajiye fulas a ƙasa, ta dubi tafin hannunta biyu.

"Da yamman nan zan kora shi sama," ta ce. "Saman ina ne, likita?"

Ya nuna ƙirjinsa.

"Shekara talatin ina korawa sama," in ji Mama Hulda.

Sista Kubra ce ta amsa, tana naɗe igiyar na'ura. "Mama, yawancin abin da ake kawo miki targaɗe ne, kuma hannunki na yi musu amfani. Ni ma ɗana mai irin aikinki ce ta gyara masa ƙafa. Wanda za ki turo mini shi ne wanda bai faɗi ba, bai buge ba, amma duk hannun ko duk ƙafar ta kumbura, ta yi zafi, ta sake launi. Wannan kada ki taɓa."

"Sake faɗa," in ji Mama Hulda. Ta sa aka maimaita mata sau biyu, ta bi da baki kamar mai haddar waƙa. Da muka fito jiran allura ta buɗe fulas, ta ce ruwa ba zai yi asara ba, ta aika a sayo ganyen shayi. Mata masu ciki huɗu suka sha da mu.

Maman Francis kuwa tambaya ɗaya ce ta dame ta, kuma sai da aka gama allura ta yi ta. "Yaushe zan ɗauki kaya?"

Likita ya ce tsakanin ƙashin nan da haƙarƙari na farko akwai 'yar matsattsiyar hanya, ta nan jijiyar ke wucewa. In kaya ya danne daga sama, hannu kuma yana ɗage, hanyar na ƙara matsewa. Ba zai rantse ba, amma yana ganin shekaru hamsin na ƙwarya da sawun ranar nan ne suka haɗu.

"In ya zama dole, Mama, ki riƙa ɗora ɗan kaɗan a ka."

Irin kallon da ta yi masa ya sa ya koma rubutu.

Wata ukun nan sun yi mata tsawo. Tana zuwa rumfa, amma a zaune, tana ba da umarni da hannun dama. Ba mai baron da ya taɓa jera mata doya daidai. Kumburin ya sauka a sati na uku, launin ya dawo, ta fara cewa ta warke, ƙwayar nan ta isa haka. Mama Hulda ce ta hana. Kullum da safe sai ta biyo ta rumfar, ta tsaya a kanta har ta haɗiye, ta ce buɗe baki in gani. A cikin watannin ta tura wa Sista Kubra mutum biyu. Ɗaya ba a sami komai ba, ƙurji ne ke shirin fitowa. Ɗayan, wani direban babbar mota, an samu a ƙafarsa.

A farkon Disamba muka koma. Wannan karon Maman Francis ta zauna a tsakiyar benci tana ba masu ciki shawara a kan kunun jego. Sista Kubra ta ɗora na'ura a hammata ta danna. Ramin ya rufe, sai ɗan kauri da ya rage a gefe. A ƙarƙashin ƙashin shuɗi ya cika fiye da rabi, ƙarar kuma ta tashi da Mama ta ja numfashi. Likita ya ce jini ya sami hanya, hatsarin ya wuce, ta ƙarasa ƙwayar da ta rage ta dawo ya gani. Amma bangon jijiyar ya yi tabo, kafaɗar hagu ta gama aiki.

"To ta dama fa?" in ji Mama. "Sabuwa ce fil, ban taɓa amfani da ita ba."

"Hanyar da ke hagu, irinta ce a dama."

Muka fita ƙofar asibiti. A nan ta ce wa mai keke ya bi da mu ta layin masu kayan gini. Ta zaɓi baro kore, ta buga tayarsa da ƙafa, ta sa aka ɗaura shi a saman keken.

Satin farko ta ture tiren mai tumatir, ta taka ƙafar wani ɗan sanda, ta kifar da doya a kwata sau biyu. Sati na biyu shugaban masu baro na kasuwa ya zo da mutum biyu, ya cire hula, ya ce da girmamawa, Mama, duk mai tura baro a kasuwar nan sai ya shiga ƙungiya, kuma ba su taɓa samun mace ba. Ta tambaye shi yaushe suke taro. Ya ce ranar Asabar, ƙarfe bakwai.

Na raka ta taron farko. Maza talatin da wani abu a tsaye, ita kaɗai aka kawo wa kujera. Da aka ce ko akwai mai magana, ta ɗaga hannun hagu har sama. Ta ce wata uku ta zauna tana kallon yadda suke jera doya, kuma tana da abubuwa shida da za ta faɗa.